Bayan ambaliya, me ke hana aikin kariya tashi da wuri? Yadda Niyu Zilan ta rage jiran takardar izini

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a Kudu ya san yadda abin yake tafiya. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kogi ya tumbatsa, a wayi gari katifa da buhunan kaya suna yawo a tsakar gida. Kwana biyu sai ga jami'ai da takalman roba, a ɗauki hoto, a yi jaje, a yi alkawarin faɗaɗa magudana da ɗaga gada. Daga nan kuma shiru. In ka tambaya, a ce maka fayil yana ofis, ana jiran amincewa. Kafin amincewar ta fito, wata daminar ta zagayo.

Mutanen Badun ba sai an ba su labari ba. A daren 26 ga Agusta 2011 ambaliya ta ci rayuka sama da 100 a birnin, ta karya gadoji, ta lalata wani ɓangare na madatsar ruwa ta Eleyele. Bashin dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya bayar domin maganin ambaliyar birnin, sai a watan Yunin 2014 aka amince da shi. Kusan shekara uku ke nan, kuma wannan amincewar kuɗi ce kawai, ba a kai ga haƙa ba tukuna.

Wannan jinkiri ba mu kaɗai yake damu ba. Akwai wata ƙasa mai nisa, Niyu Zilan, da ta sha ruwa a 2023 har ta kai ga taɓa dokokinta domin ayyukan kare garuruwa su samu izini cikin makonni maimakon shekaru. Ya kamata mu san abin da suka yi, da abin da suka sarayar kafin su samu wannan saurin, da kuma inda dabarar ta kasa.

Ruwan da ya tilasta musu

Niyu Zilan ƙasa ce ta tsibirai a kudancin tekun Fasifik, gabas da Ostireliya, mai mutane miliyan 5 da ɗoriya. Ranar Juma'a 27 ga Janairu 2023, Okland, birni mafi girma a ƙasar, ya samu ruwan da ya haura milimita 240 cikin kwana ɗaya. Ruwa ya shiga har cikin filin jirgin sama, mutum 4 suka rasu.

Ba a gama shanya kaya ba, a tsakiyar Fabrairu sai ga mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Gabrielle. Ta fi yin ɓarna a gabashin tsibirin arewa, musamman yankin Hawke's Bay, wanda ya yi suna wajen noman tufa da inabi. Koguna suka fasa dogayen tudun ƙasa da aka tara a gefensu, irin ganuwar gari, a wurare da dama. Laka ta binne gonaki da gidaje. An riƙa kwaso mutane daga kan rufin ɗaki da jirgi mai saukar ungulu, ciki har da 'yan ci-rani daga ƙananan tsibiran Fasifik da suka zo aikin gona. Mutum 11 suka rasu. Ranar 14 ga Fabrairu gwamnatin Firaminista Chris Hipkins ta ayyana dokar ta-ɓaci a faɗin ƙasa, karo na uku ke nan a tarihinsu. Baitulmalin ƙasar ya ƙiyasta asarar ruwan Okland da ta guguwar, in an haɗa, tsakanin biliyan 9 zuwa biliyan 14.5 na dalarsu.

Bayan ruwa ya janye, sai aka kasa filayen da abin ya shafa gida uku. Rukuni na 1, mutum ya gyara gidansa ya koma. Rukuni na 3, haɗarin ya yi yawa, gwamnati da ƙananan hukumomi za su haɗa kuɗi su sayi gidan in mai shi ya yarda, ya tashi. Rukuni na 2 shi ne na tsaka-mai-wuya: wurin zai zaunu, amma sai an yi aikin kariya, kamar sabuwar ganuwa ko faɗaɗa hanyar ruwa.

To kun ga inda matsalar take. Wanda gidansa ke rukuni na 2 bai san ko ya zuba kuɗi ya gyara ba, ko ya haƙura. Sayarwa ma da wuya, don wa zai sayi gidan da ba a san makomarsa ba? Rayuwarsa ta rataya a kan ranar da za a gina ganuwa, ita kuma ganuwar tana jiran takardar izini.

Me ya sa izinin ke cin lokaci?

Mutum zai iya cewa, aikin ceton rai ne, me zai sa a tsaya neman izini? Amsar tana cikin halin ruwa. Ruwa ba ya ɓacewa don ka tare shi, wata hanyar yake nema. Duk wanda maƙwabcinsa ya taɓa yin ciko ya ɗaga harabarsa, ruwan ya dawo ɗakinsa, ya san wannan. Ganuwar da za ta kare unguwa ɗaya tana iya tura kogi cikin gonar wani, ko cikin wata unguwar da ke gangare. Shi ya sa doka ta ce a tsaya a auna, a kuma ji ta bakin waɗanda abin zai taɓa.

A Niyu Zilan dokar da ke kula da wannan a lokacin ita ce ta sarrafa albarkatun ƙasa ta 1991, wadda suke kira RMA. A ƙarƙashinta, babban aiki irin wannan akan shelanta shi ga kowa da kowa, a ba da kwanakin aiki 20 domin duk mai magana ya rubuto, sannan a yi zaman sauraro. Doka ta ba da har kwanakin aiki 130 kafin a yanke hukunci, wato wajen wata shida, kuma agogon yana tsayawa duk lokacin da aka nemi ƙarin bayani. Bayan hukunci, wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Muhalli. Nan ne aiki kan kwanta shekara ko fiye.

Dokar tana da ƙofar gaggawa, sashe na 330, wanda ya yarda hukuma ta fara aiki a lokacin haɗari, ta nemi izini daga baya. Da irin wannan damar ake toshe ganuwar da ta fashe ba tare da jira ba. Amma toshe ɓaraka daban, gina sabuwar ganuwa a inda babu ita daban. Shi wannan na biyun dole ya bi doguwar hanya.

Yadda suka gajarta hanya

A watan Afrilun 2023 majalisar dokokin ƙasar ta yi wata doka ta musamman ta farfaɗowa daga bala'in yanayi. Dokar ta ba gwamnati ikon fitar da umarni da zai sassauta wasu dokoki na ɗan lokaci, a yankunan da abin ya shafa kawai. Ba sabon abu ba ne a wurinsu, sun yi makamancin haka bayan girgizar ƙasar Kaikōura ta 2016. Kafin a sa hannu kan kowane umarni, sai wani kwamitin bita mai zaman kansa ya duba shi, a kuma tuntuɓi al'ummomin da zai shafa.

An yi zaɓe a ƙarshen 2023, gwamnati ta canza, Christopher Luxon ya zama Firaminista, amma ba a watsar da tsarin ba. A watan Yunin 2024 umarnin ayyukan kariya na Hawke's Bay ya fara aiki. Ga abin da ya ƙunsa a taƙaice.

Na ɗaya, an ambaci wuraren da sunansu, guda takwas: Wairoa, Whirinaki, Awatoto, Waiohiki, Omāhu, Pākōwhai, Havelock North da Pōrangahau. Wanda ke son gina otal ko masana'anta ba shi da rabo a ciki.

Na biyu, an sanya ayyukan a ajin izinin da hukuma ba ta da ikon ƙi. Abin da take da shi shi ne gindaya sharuɗɗa, kamar yadda za a hana laka gangarawa kogi yayin aiki, da abin da za a yi in an tono kabari ko kayan tarihi.

Na uku, an yanke wa'adi: kwanakin aiki 30, wato kamar mako shida.

Na huɗu, an cire shela ga kowa da kowa da zaman sauraro. A maimakonsu hukuma za ta aika wa waɗanda aka lissafa, irin su masu filin da aiki zai bi ta ciki, da maƙwabtansu, da ƙabilun Māori na yankin, su rubuto ra'ayinsu cikin ɗan gajeren lokaci.

Na biyar, an rufe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Muhalli. Abin da ya rage shi ne zuwa Babbar Kotu a ce an karya ƙa'ida wajen yanke hukuncin.

Na shida, umarnin yana da ranar mutuwa, 31 ga Maris 2028. Daga nan a koma tsohuwar doka.

Kuɗi ma ba a bar shi a baki ba. Tun a 2023 gwamnatin tsakiya ta ware dalarsu miliyan 203.5 domin ayyukan kariyar yankin. Daga baya a 2024 aka fitar da irin wannan umarni domin unguwar Māngere da ke kudancin Okland, unguwar masu ƙaramin ƙarfi wadda 'yan asalin tsibiran Fasifik suka yi yawa a cikinta. Aikin can shi ne buɗe hanyar rafukan Te Ararata da Harania, har da sauya wata gada da ta yi wa ruwa ƙunci.

Abin da aka sarayar

Saurin nan ba kyauta aka same shi ba. Tun lokacin da ake yin dokar, lauyoyi da 'yan adawa sun yi ƙorafin cewa an ba ministoci ikon taɓa dokokin da majalisa ta yi, kuma an yi abin a gurguje. Sannan duk wanda sunansa bai shiga jerin waɗanda za a tuntuɓa ba, ya rasa bakin magana. Ko wanda ya shiga, maganarsa tana iya canza sharuɗɗa, amma ba za ta hana aikin ba.

Abin da ya sa mutane da yawa suka haɗiye wannan shi ne an yi masa shinge ta kowane gefe: wuri sananne, aiki sananne, lokaci ƙayyadadde. Da gwamnatin Luxon ta zo da wani ƙudiri daban a 2024 na hanzarta izini ga manyan ayyuka gaba ɗaya, har da haƙar ma'adinai, sai dubban mutane suka fito zanga-zanga a Okland. Ƙudirin ya zama doka a watan Disamba ɗauke da jerin ayyuka 149, amma sai da aka janye shirin farko na barin ministoci uku su riƙa yanke hukuncin ƙarshe. Ashe mutum yana iya yafe haƙƙinsa na ƙorafi don a kare unguwa daga ruwa, amma ba zai yafe shi don cinikin wani ba.

Garin da takarda ba ta cece shi ba

Wairoa ƙaramin gari ne a bakin kogi, mafi yawan mutanensa Māori ne, wato 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Gabrielle ta yi masa mummunar ɓarna, kuma daga cikin kuɗin nan an keɓe masa miliyan 70. Sunansa yana cikin wurare takwas ɗin.

A ƙarshen Yunin 2024, watan da umarnin ya fara aiki, garin ya sake nutsewa. Wannan karon yashi ne ya toshe bakin kogin inda yake shiga teku, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, sai kogin ya koma baya ya shiga gidaje sama da 400. Mutanen gari suka fusata, suna cewa an yi sakaci wajen buɗe bakin kogin da wuri. A watan Agusta gwamnati ta naɗa Lawrence Yule, tsohon magajin garin Hastings, ya tsaya a kan aikin kariyar garin.

Me ya hana aikin tashi alhali ga kuɗi, ga hanyar izini a buɗe? Fili. Shawarar injiniyoyi ita ce a yanka wa kogin wata hanya da rarar ruwa za ta riƙa bi, kuma hanyar za ta ratsa gidaje da filayen gado na Māori. Mutanen da aka sha karɓe wa kakanninsu ƙasa da sunan aikin gwamnati ba za su sa hannu da ka ba. Sai da aka zauna da su gida-gida, aka yi ta gyara taswira, maganar ta kai har cikin 2025.

Darasin a fili yake. Takardar izini ɗaya ce daga cikin ƙofofi huɗu: akwai zanen aiki, akwai kuɗi, akwai izini, akwai fili. In ka buɗe ɗaya ka bar uku, ruwa zai riga ka. Kuma abin da ya nutsar da Wairoa karo na biyu bai buƙaci sabuwar doka ba, kula da bakin kogi yake so a kan lokaci.

To mu fa?

Mu ma muna da ƙofofin nan. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin manyan ayyuka irin su madatsun ruwa, kuma akan baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su yi magana. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takardar mallaka saboda amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka a kai ce, ba ta ƙasar kanta ba.

Haɗarin ma sananne ne. Duk shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA kuma ta fitar da na ambaliya. Mazauna Isheri, Agiliti, Mile 12, Ajegunle ta hanyar Ikorodu da 'yan kasuwar Kara sun san abin da kan biyo baya in kogin Ogun ya cika aka saki ruwan madatsar Oyan wajen Satumba da Oktoba. Mazauna gaɓar Neja daga Lokoja zuwa Anambra da Bayelsa ba su manta 2012 da 2022 ba.

Sai dai a wurinmu saurin yana zuwa ne ta wata fuskar. Abin da ke sauri shi ne rusau, gini ke nawa. Daga 2023 zuwa yau gwamnatin Legas ta rushe gine-gine da dama da ta ce an yi su a kan hanyar ruwa, daga Lekki har Maryland. Gaskiya ne fa, gini a kan magudana yana nutsar da unguwa baki ɗaya, kuma dole a buɗe wa ruwa hanya. Amma ku lura da wanda ya fi shan wuya in katafila ta iso. Mai gida yana da takarda ko lauya. Ɗan haya da mai rumfa a kasuwa, wanda ya biya kuɗin shekara jiya, ba ya cikin lissafin kowa. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu a wannan layin suke.

Saboda haka in kun ji an ce za a hanzarta aikin maganin ambaliya, abin murna ne, amma a tambaya: hanzarta me? Sauri kan haifi nawa in an tsallake mutane, don rigima da shari'a za su zo su cinye lokacin da aka ce an rage.

Abin da ya kamata a tambaya

Daga abin da ya faru a Niyu Zilan, ga tambayoyin da shugabannin unguwa, sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya kai wa hukuma, a rubuce, tun kafin a shafa jan fenti a bango.

Ina taswirar aikin, kuma daga ina zuwa ina zai bi? Aikin da ba a nuna iyakarsa ba, kowa yana cikin haɗari.

An saki kuɗin ginin, ko rusau kaɗai aka shirya? In an share wuri aka bar shi fili, bola ce za ta cika shi, ko wasu su sake ginawa.

Yaushe za a fara, yaushe za a gama, kuma wane ofis ne ke da alhakin amsawa in wa'adi ya wuce?

Su wa aka lissafa a matsayin waɗanda aikin ya shafa? Akwai 'yan haya da masu shaguna a ciki? Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu suna da sharaɗin a ƙidaya duk wanda za a tayar, har da wanda ba shi da takardar fili, a kuma tsara yadda za a tallafa masa. In aikin irin wannan ne, ku tabbata sunanku ya shiga ranar ƙidaya.

Ruwan da za a kawar daga nan, ina zai nufa? Wataƙila unguwar da ke gaba ma ta 'yan uwanku ce.

Sannan kowa ya adana rasitin haya, da takardar rumfa, da hoton shagonsa da kayan da ke ciki. Ranar da za a buƙace su ba ranar nema ba ce.

Akwai kuma wanda ba ya jiran izinin kowa: yashe lambatun ƙofar gida, da daina zuba shara da ledar fiya-wata a kwalbati. Wannan namu ne, kuma shi ke ba mutum bakin magana in ya je gaban hukuma.

Lokacin duk wannan shi ne rani, sa'ad da magudana ta bushe, injiniya zai iya aunawa, ɗan kwangila zai iya haƙa, kowa hankalinsa a kwance. In aka bari sai hadari ya haɗu, an makara. Allah Ya kare mu da dukiyoyinmu, Ya sa daminar bana ta zo da alheri.